Jawabin da Ya Sa Jakadu Kuka

"To ki nuna min layin da ba daɗi," in ji Citlali. "Wanne ne?"

"Ina zan sani? Tun a shafi na biyu barci ya kwashe ni," in ji kakarta Eufrosina, tana ɗaure murfin tukunya.

"Kaka, maganar mutanen da aka kashe da guba ce fa."

"Allah ya ji ƙansu. Ke ma kin kusa kashe ni. 'Yar nan, ko albasa kika haɗa da wannan takarda ba mai yin hawaye."

Citlali ta naɗe takardunta ta cusa a jaka. Wata uku ta yi a kansu. Ta karance yarjejeniyar hana makamai masu guba daga farko har ƙarshe, har da jadawalin sinadaran da malamin kimiyyarsu ma ya tsallake. Bara waccan ko littafin labari ba ta iya gamawa.

Yau wakilan ƙasashen yankin za su zauna a wani tsohon otal a tsakiyar birnin Oaxaca na ƙasar Meziko, su tattauna yadda za a ƙara wa haramcin ƙarfi. An ba 'yan makaranta uku, har da Citlali, minti biyar-biyar. Wadda jawabinta ya fi taɓa wakilai, ita za a tafi da ita babban taron da ake yi a birnin Hague na Turai. Citlali kuwa ko filin jirgi ba ta taɓa takawa ba.

Abin haushi, Kaka ma tana zuwa. Ita otal ɗin ke kira duk ranar da manyan baƙi za su ci mole, miyar gargajiya ta gasasshen barkono, don a unguwar ba mai hannunta.

"Ƙarfe nawa ne naki?" Kaka ta tambaya a cikin tasi.

"Sha ɗaya da rabi. Sau uku ke nan ina gaya miki."

"Daidai, ko irin sha ɗaya da rabin gwamnati?"

"Daidai. Kuma don Allah kar ki leƙo."

"Ni da aiki ya yi wa yawa?"

Zauren ya cika da kwat da ƙananan tutoci, tagogi duk a rufe, sanyi na sauka daga ragar bututun iska da ke bangon baya. Renata, 'yar makarantar masu hali, ita ta fara. Muryarta kamar ta rediyo, ta ma yi jimla biyu da Faransanci. Aka tafa mata sosai. Ta biyu ta manta shafi guda a gida, aka tafa mata don tausayi.

Citlali ta hau dandamali. Shafin farko ya wuce, ba wanda ya ɗago kai. Wakilin Brazil na latsa waya, ko abin jin fassara bai maƙala a kunne ba. Wani mai furfura a layin baya ya yi nisa a barci, baki buɗe.

Ta shiga shafi na biyu, inda barci ya kwashe Kaka.

Sai ta ji an ja hanci daga baya. Wata mata ta ciro hankici. Na kusa da ita ya cire tabarau yana murza ido. Mai barcin nan ya farka firgigit, hawaye na bin kumatunsa.

Citlali ta ji ƙarfi ya zo mata. Ta ɗaga murya, ta bar kallon takarda. Kukan ya taho layi-layi, daga baya zuwa gaba. Wakilin Brazil ya kifa kai a tebur. Wani jakada ya miƙe zai yi magana, maƙogwaro ya ƙi, ya dafe ƙirji ya koma ya zauna.

Ta iso wurin da ta fi tsoro, jerin sunayen sinadarai masu tsawo kamar layin bas. Nan ma kuka suke. Da ta ambaci sakin layi na bakwai, wata wakiliya ta fita da gudu, hannu a baki. Renata kanta kwalliyar idonta ta gangaro har haɓa.

Can ƙarshe ita ma Citlali ta ji idonta na zafi, muryarta ta shaƙe. Ashe haka ta iya rubutu ba ta sani ba.

Shugabar taron ta sha ruwa kofi biyu kafin magana ta fito. Ta ce shekara ashirin tana zaman irin wannan taro, ba ta taɓa ganin an yi kuka a kan jadawali ba. Ba sai an kaɗa ƙuri'a ba ma. Ta ce a buɗe tagogi a tafi hutu, mutane su dawo hayyacinsu.

Citlali ba ta tsaya gaisawa da kowa ba. Mutum ɗaya take nema. Ta zagaya ta bayan zauren, tana tsallake matakala bibbiyu, tana shirya abin da za ta faɗa. Masu girki uku na zaune a tsakar gida suna fifita, ta wuce su. Ta banka ƙofar kicin.

"Kaka, wa kika ce ba zai yi..."

Tari ya sarƙe ta. Ta tsaya tana kallo, ta kalli agogo, ta sake kallo.

"Sai ki tuna da ni a Hague," in ji Kaka, muryarta a toshe. "Kar ki manta da rigar sanyi."

Citlali ta ja ƙofar ta buga har cokula suka yi ƙara, ta yi tafiyarta.

A ciki, Kaka ta gyara jiƙaƙƙen tsumman da ta ɗaure hanci da shi, ta sauke kasko na huɗu na ƙonannen barkono daga wuta, sannan ta kashe fankar da ta saita tun sha ɗaya da rabi a bakin bututun da ke kai iska zauren taro.