Tela da Tsohuwar Bakin Gada

Ajiye makullin nan da kake ta kaɗawa, ka zauna. Garin da aka tura ka aiki ba guduwa zai yi ba, kuma tun ɗazu nake jin kana cewa ba ka bukatar kowa ya nuna maka hanya. Bari in ba ka misalin wani tela.

Telan nan mutum ne da bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko keken ɗinki ya tsaya, ƙafarsa ba ta tsayawa, tana ta taka iska. In ya rufe shago bayan la'asar, sai ya kunna wani wasan bidiyo da ya shiga ransa, irin wanda ake ba ka jarumi a sake ka a ƙasa mai faɗi, ba shinge, ba mai ce maka bi nan. Ga duwatsu, ga koguna, ga ƙauyuka, ga dodanni masu aman wuta. Don tsabar ji da kai ya zaɓi tsari mai rai ɗaya, wanda in jaruminka ya mutu shi ke nan, sai ka faro daga tushe. Damina guda ya yi yana rainon jarumin nan. Ya fara da sanda da 'yar shara, har ya kai ga takobi mai walƙiya da sulken ƙarfe tun daga wuya har idon sawu, yana ji da sulken nan kamar shi ya ɗinka shi. Kuma a ba shi haƙƙinsa, ya iya faɗa. Ya san a kauce kafin a sara, ya san ba a tarar dodo ta gaba, ba ya fita babu kwalbar magani a jaka. Abin da ya gagare shi shi ne tsayawa ya ji magana. Mutanen ƙauyukan wasan suna da surutu. Ka matsa kusa da su sai su soma gaisuwa, sannan zaɓi biyu ya fito a ƙasan allo: "Ina hanya?" da "Sai anjima." Babban yatsansa ya riga ya haddace na biyun.

A bakin gadar ƙauyen farko akwai wata tsohuwa mai sayar da albasa. Ba ya iya ƙirga sau nawa ya wuce ta da gudu, tana ɗaga hannu tana "Sannu da zuwa, ɗana," shi kuwa ƙyas, sai anjima. Wata rana matarsa tana wucewa da faranti ta tsaya ta ce, "Malam, ko gaisuwar baiwar Allahn nan ba za ka amsa ba?" Ya ce, "Hoto ne fa," bai ko waiwayo ba.

Da ya gama da gabas da yamma, ya rage masa wuri ɗaya a taswira, wata hasumiya a bayan fadama, inda ƙarshen wasan yake. Ranar ko shago bai rufe da kyau ba, zumuɗi ya hana shi cin abinci. Ya ɗaure sulke, ya cika jaka da duk abin da ya taɓa tsinta, ya haye gada, ya yi wa tsohuwa sai anjima, ya faɗa fadama a miƙe. Da fari gudun ne ya ragu. Sai taɓo ya kama gwiwa. Ya danna tsalle, jarumin bai ɗaga ba. Ya zaro takobi yana saran iska, babu abokin gaba ko ɗaya. Ya buɗe jaka yana zubar da kaya, garkuwa, gatari, tukwanen da ya kwaso a gidajen mutane, amma taɓo ya kai ƙirji. Ya nemi tuɓe sulke, wasan ya ƙi, don ba a tuɓewa a cikin ruwa. Telan ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa, gumi na ɗiga a kan madannai. Can gefe wasu balbelu na tsaye a jere a kan sandararriyar ƙasa, suna kallonsa. Kwalkwali ya nutse, allo ya yi baƙi. Jarumin da dodanni suka kasa kashewa, laka ta cinye shi, kuma wallahi telan nan ya ji ciwon abin har ransa.

Ya yi kwanaki bai taɓa na'urar ba. Ranar da ya koma, aka ba shi sabon jarumi, daga shi sai sanda da 'yar shara. Jikinsa a sanyaye ya isa bakin gada. Tsohuwa ta ɗaga hannu kamar kullum, wannan karon kuwa, ba don wayo ba sai don ba shi da inda yake sauri, ya danna "Ina hanya?"

Ta ce, "Sannu da zuwa, ɗana. In fadama za ka, ka tuɓe ƙarfe tukuna, ka rage kaya, ka taka inda balbela ke tsayawa."

Ya zura wa allo ido. Maganar nan tana bakinta tun ranar farko, damina guda tana ɗaga masa hannu da ita.

To, ga makullinka. In ka isa garin, ka sauka ka gai da mutane, ka bari su kai ƙarshen maganarsu. Ba a banza Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.