Ranar da Baba Ya Ce Gwaggo Baƙuwa Ce

Kwanan nan na haukace da karanta yadda gidajen ƙasar nan suke a waya, wa ke zaune da wa, duk wanda na kama sai na cika masa kunne! Amma wallahi da na ga an rubuta "mutanen gida" sai zuciyata ta tashi.

Ina yaro a Saulawa, masu ƙidaya suka shigo gidanmu bayan la'asar. Baba ya lissafa kowa, har jaririn da ba a yi sunansa ba. Yayarsa, Gwaggo Asabe, tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Tun rasuwar mijinta ta dawo gidan ubansu, ni nan na buɗe ido na gan ta.

Mai ƙidaya ya nuna ta. "Maigida, wannan fa?"

"Waccan baƙuwa ce."

Wai tsoronsa in gwamnati ta rubuta ta, ta samu hujjar neman rabonta a gidan. Matar da ta goya shi fa!

Gwaggo ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta dubi ƙanenta ta ce, "To Audu, an gode da masauki."

Shi kuwa, ko kunya, ya ce, "Ba komai."