Addu'ar Kuluwa a Shafin Tela

"Baba, ba sunan shagonka injin nema yake dubawa ba," in ji Baraka mai gyaran shafukan intanet. "Kalmomin da suke zaune tare yake dubawa, sai ya yanke ko kai wane ne."

Sallau tela ya gyara zama. Tun da aka daina kafa allo a ƙofar shaguna, ba mai zuwa ko'ina sai inda injin nema ya tura shi. Shekara talatin yana ɗinkin amare, amma wata huɗu ke nan sai maza masu jajayen idanu saboda kuka suke sallama, suna tambayar farin yadi.

"To me na rubuta, 'yata?"

Ta juyo masa da na'urarta, shafin shagonsa a buɗe. A ƙasan hotunan leshi ga layin da ya sa bayan rasuwar matarsa: Kuluwa, Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki.

"Injin ya ga yadi, ya ga kabari, sai ya jera ka da masu likkafani. Mu goge layin, kafin Juma'a amare za su dawo."

"In aka ƙanƙanta rubutun fa?"

"Ai ba da ido yake karatu ba, Baba."

Sallau ya daɗe yana kallon sunan. Duk wanda ya buɗe shafin nan sai ya ce amin, ko bai san ta ba. Ya miƙe yana karkaɗe zaren da ya maƙale a rigarsa.

"Bar mata addu'arta. Cire leshin. Daga gobe likkafani zan riƙa ɗinkawa."