Yatsan Inna Ya Isa

Ranar da labarin rasuwar ɗanta ya iso mata, ranar ofishinsu ya rufe asusunsa a shafin intanet da shi ya gina musu, da hotunansa da saƙonnin muryarsa duka a ciki. Bayan wata biyu ta je, riƙe da kwalin maganin da ya rubuta lambar sirrinsa a kai.

"Inna, asusun mamaci ko ni ba ya buɗe min," in ji abokiyar aikinsa.

"To 'yar nan, taya ni roƙon injin. Ni ban iya yarensa ba."

Matar ta shiga duba jerin masu izini. Can sai hannunta ya tsaya.

"Ai kina da naki, Inna! Ya rubuta: ba ta karatu, kada a tambaye ta lamba, yatsanta ya isa."

Sai ta tuna ranar da ya dangwala yatsanta a waya, tana tsakar wanki tana yi masa faɗa.

Yanzu kullum da safe takan goge yatsan a zani ta dangwala. Muryarsa ta ce, "Inna, kin karya?"

"Na karya," takan ce. "Allah ya yi maka albarka."