Mai Maganin da Ya Sallami Mai Kawo Masa Saiwa

Ɗaga hannunka daga kan injin nan tukuna, Malam Sallau. Ka ce za ka goge manhajar da ke sauko maka da sauran manhajoji tana girka su, ka koma kwaso kowace da hannunka a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, irin na da, wai ta cika jawo abin da ba ka aike ta ba. Kwamfutocin makarantarku ne, ba zan hana ka ba. Amma ji wannan labarin, don ni ma na taɓa yin irin wannan gangancin, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

An yi wani mai maganin gargajiya da yake da wani tsoho mai kawo masa saiwa da sassaƙe daga daji. Tsohon nan akwai ƙa'ida. In an ce ya kawo saiwa ɗaya, sai ya zo da ita ɗaure da mahaɗinta: wannan da jar kanwa, waccan da tsamiya, wata da ganyen da ke karya mata ƙarfi. In ya kawo sabuwa sai ya kwashe tsohuwar ya zubar. Wata rana ma sai ya ƙi kawo abin da aka ce, wai ba ya zama tukunya ɗaya da wanda ke ɗakin. Abin ya ishi mai magani, ya ce shi da ɗakinsa wani ke yi masa iko, ubansa ma da gatari da dagi ya yi suna. Ya sallami tsoho, ya kakkaɓe gatarin uban, ya nufi daji. Watan farko har yana cika baki, abin da ya so shi yake sarowa, babu mai ce masa uffan.

Kafin shekara ta zagayo ɗaki ya cika da ƙulli-ƙulli, na bara da na bana sun cakuɗe, shi kansa sai ya shinshina ya yi ta wasi-wasi. Ashe sanin me ke tafiya da me ba a cikin gatari yake ba, a kan tsoho yake. Ana nan sai amininsa tun na ƙuruciya ya kwanta da ciwon shawara, ya ce ba zai sha na kowa ba sai nasa. Mai magani ya jiƙa masa saiwar da ta dace, ita ce kuwa babu kuskure, amma ya manta da ganyen da ake karya ta da shi, don bai taɓa tsinko shi da hannunsa ba, a ɗaure yake ganinsa. Aminin nan ya yi kwana uku yana amai, da ƙyar aka ceto shi. Mai magani ya bi ƙauye-ƙauye yana cigiyar tsoho, ya tarar an binne shi tun da kaka. Aminin bai mutu ba, bai kuma yi masa faɗa ba. Suna gaisawa har yau, amma ko ruwa aka kawo wa aminin a gidan mai magani sai ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi.

To, ga injinka nan, Malam Sallau, maɓallin na ƙarƙashin yatsanka. Sai dai ka tuna, Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, a baya take.