Tsamiyar da Aka Sare

Malama, kin ce mako uku kina koya wa 'yan shekarar farko darasin sadarwa, kullum kika tambaya sai su ce sun gane, amma da kika duba takardun gwajinsu kanki ya ɗaure. Ni ma na daɗe cikin wannan ruɗani. Zauna ki ji wani misali.

An aiki wani matafiyi ƙauyen da bai taɓa zuwa ba, ya ɗauko wata mata da ke aure can, domin mahaifiyarta na kwance rai a hannun Allah, ba ta kiran sunan kowa sai nata. Mota ɗaya ce ke komawa, da la'asar take tashi. A bakin gari ya iske wani dattijo yana noma, ya tambaye shi gidan. Dattijo ya dogara da fartanya ya zuba kwatance: ya miƙe har tsamiyar da aka sare bara waccan, ya karya dama inda rijiya take kafin a cike ta, ya wuce gidan marigayi makaɗi, sai gida na gaba. Ko kalma ɗaya bai yi ƙarya ba, shi a idonsa tsamiyar nan tana tsaye har da 'ya'ya. Matafiyi bai kama komai ba, amma ya ji nauyin sa mai furfura ya maimaita magana, sai ya ce, "To, Baba, na gode." Dattijo ya koma nomansa yana jin daɗi ya yi taimako.

Bawan Allah ya shiga gari ya tarar da kututture har uku, bai san wanne ne tsamiya ba. Duk kwarin da ya gani sai ya ce ko nan ce rijiyar. Damina ce, maza duk suna gona, baƙo kuwa ba ya faɗawa gidan matan aure. Ya kewaya ya kewaya har ya rasa gabas da yamma, ya zube a inuwar wata katanga yana jin ƙarar daka daga ciki. Yana nan zaune mota ta tashi. Da yamma mai gidan ya dawo daga gona, ya ji abin da ke tafe da shi, ya ce ai matarsa ce ake nema, ita ce mai dakan nan. Washegari suka isa, an riga an binne tsohuwa.

Har yau na rasa wanda zan ɗora wa laifi, kuma abin yana min ciwo, don na sha zama dattijon nan a gaban allo. Yaran nan jiya suka zo, Malama, ba su san tsamiyarki ba, kuma ladabi ba zai bar su su faɗa miki ba. Idan suka ce "to", ki sa ɗaya ya maimaita miki hanyar da bakinsa. In ba haka ba, za su shekara jingine da abin da suka zo nema. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.