Muryar Ɗanbaba

Man da aka shafa wa Malam Mode a ka yana da sanyi, kuma bai ji daɗin cire rawaninsa a gaban mace ba. Ya daure ne kawai saboda ƙanensa Ɗanbaba.

Wata bakwai ke nan Ɗanbaba ya hana shi sakat. Mutumin da ya rena da hannunsa bayan rasuwar mahaifinsu, yau mai shekara talatin da huɗu, shi ne ke zaginsa ta bayan bango. Malam na tsakiyar biya wa ɗalibai karatu a zaurensa na Shagari sai ya ji muryar tana ce masa munafuki, tana tona abin da shi da Allah kaɗai suka sani. In ya leƙa, ya tarar da Ɗanbaba ya duƙufa kan keken ɗinkinsa kamar ba shi ba. Malam ya tambayi matarsa Altine, ta ce ita ba ta ji komai ba, ta kama kuka. Mata dai ba su son a tona asirin gida. Ɗalibai ma suka fara raguwa, Malam bai ga laifin iyayensu ba.

Ɗanbaba ya rame, magana ta yi masa wuya. An yi rubutu, an yi tofi, shiru. Sai Malam ya yanke shawara: ranar Asabar zai kai shi wurin wani mai magani can bayan Mandera, inda ake sa wa irinsu mari a ƙafa. Ɗanbaba bai yi musu ba, a gidansu ƙane ba ya ce wa wansa ya yi kuskure. Alfarma ɗaya ya roƙa, su fara biyawa asibitin Bodinga, inda likitoci daga Sakkwato suka kawo na'urar auna yadda ƙwaƙwalwa ke amsa sauti.

Suwaiba, jami'ar lafiyar da ke kula da na'urar, ta yi musu bayani. Za a riƙa kaɗa ƙara iri ɗaya a kunne, can a jefa wata daban, wanda ya ji ta ya danna maɓalli. Lafiyayyar ƙwaƙwalwa takan zabura da baƙuwar ƙarar, wayoyin su ɗauka. Ta masu jin muryoyi ko masu ciwon damuwa kuwa, amsarta kan yi rauni ko ta makara. Gwajin kaɗai ba ya yanke hukunci, sai likita ya zauna da mutum. Akan kuma auna ɗan'uwa don a kwatanta.

Aka gama da Ɗanbaba, kansa duk mai. Malam ya zauna, aka sa masa hula mai wayoyi, aka rufe masa kunnuwa, aka ce ya lumshe ido.

Ƙara ta fara. Ya danna sau biyu daidai. Sai muryar ta taso daga bayansa, dab da ƙeyarsa. Munafuki. Ka cuci marayu. Kowa ya san ka. Zufa ta keto masa, yatsansa ya sandare a kan maɓallin, baƙuwar ƙara ta wuce sau uku bai sani ba. Ba zagin ya fi yi masa ciwo ba. Tausayi ne ya kama shi, don ya tabbata babu makawa sai marin nan, kuma shi zai riƙe ƙafar a sa.

Da Suwaiba ta cire masa hular, idonsa ya kawo ruwa.

“Ɗiyata, kin dai ji da kunnenki. Ko gaban mutane bai bari ba. Ku taimake shi kahin Asabar.”

Ta daɗe tana duban layukan da ke kan kwamfuta, sannan ta sassauta murya.

“Allah shi gafarta Malam, likita na son ganinka. Amma ka hwara duba taga.”

Malam ya waiwaya. Babu kowa a bayansa sai kujera. Ya duba taga. Can ƙarshen harabar asibitin, bakin famfo, Ɗanbaba na tsugune tun da ya fita wanke kai, yana kuka, riƙe da katin ganin likitan da ya zo shi kaɗai ya yanka mako uku da suka wuce, da sunan Malam Mode a kai.